Rajistar Kamfanoni: Kariyar da Doka Ta Ba Mai Dogaro da Ita, da Inda Kariyar Ta Ƙare

Agege, Legas. A kasuwannin da Hausawa ke hada-hada a birnin Ikko, tun daga Zangon Agege da mayankar Oko-Oba har zuwa Alaba Rago da kasuwar kayan gwari ta Mile 12, akasarin cinikin sari a kan bashi yake gudana. Falke yakan sauke shanu ko albasa ko goro, mai saye ya ɗauka bisa alkawarin zai biya idan wa'adi ya cika. Tun daga lokacin da layin dogo ya isa Kano a 1911, ya haɗa Arewa da bakin teku, abin da ke riƙe da wannan ciniki shi ne fatoma, wato mai masauki, wanda ya san kowane mahauci da halinsa, kuma yake tsaya wa baƙonsa har kuɗinsa su fito. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari yake aiki a cikin littafin da ya wallafa a 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan.

To, amma a yau masu sayen kaya sun haɗa da otel-otel, da manyan kantuna, da kamfanonin sarrafa nama da abinci, waɗanda fatoma bai san iyayensu ba, bai san gidajensu ba. Abin da suke zuwa da shi shi ne takardar odar kaya mai ɗauke da sunan kamfani da sa hannun wani jami'i. Idan daga baya kamfanin ya ce wanda ya sa hannun ba shi da izini, ko kuma an riga an sallame shi, wa zai ɗauki hasarar? Amsar wannan tambaya tana cikin dokar kamfanoni, kuma ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san ta kafin ya saki kayansa.

Asalin rajistar

An kafa dokar kamfanoni ta farko a wannan ƙasa a 1912, domin yankin Ikko kaɗai, sa'an nan aka faɗaɗa ta zuwa sauran sassan ƙasa a 1917. Bayan ta aka yi ta 1922 da ta 1968, kafin gwamnatin soja ta zartar da Doka ta 1 ta 1990, wadda aka fi sani da CAMA. Wannan doka ce ta kafa Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista ta Ƙasa, wato CAC, mai hedikwata a Abuja da ofisoshi a jihohi. Ranar 7 ga Agusta, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar CAMA mai sassa 870, wadda ta soke ta 1990, kuma da ita ake aiki yanzu.

Hukumar tana ajiye sunan kowane kamfani, da lambar rajistarsa, da adireshin ofishinsa, da takardar kafa shi, da kundin ƙa'idojinsa, da sunayen daraktoci da sakatare da masu hannun jari, da kuma bayanin kadarorin da ya jinginar. Hikimar ajiye waɗannan bayanai ita ce, kamfani a idon doka mutum ne mai zaman kansa, dabam da masu shi, kuma bashin da ya ci ba ya hawa kan dukiyar masu hannun jari fiye da abin da suka ɗauki alkawarin zubawa. Tun da doka ta yi wa masu kamfani wannan gata, sai ta ɗora musu nauyin bayyana wa jama'a ko su wane ne, da kuma wanda ke da ikon yin magana da yawun kamfanin.

Ƙa'idoji biyu da aka gada daga Ingila

A tsakiyar ƙarni na 19 kotunan Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji biyu waɗanda Nijeriya ta gada. Ta farko, wadda ake dangantawa da shari'ar Ernest da Nicholls ta 1857, cewa ta yi duk takardar da kamfani ya ajiye a rajistar jama'a, ana ɗaukar kowa ya karanta ta kuma ya fahimce ta, ko da bai taɓa ganin ta ba. Saboda haka idan kundin ƙa'idojin kamfani ya hana manaja cin bashin da ya wuce wani adadi, wanda ya ba shi fiye da haka ya jawo wa kansa.

Ta biyu ta fito ne daga shari'ar Royal British Bank da Turquand ta 1856. Wani kamfanin haƙar kwal da jirgin ƙasa ya ranci fam 2,000 daga banki. Ƙa'idar kamfanin ta ba daraktoci ikon cin bashi gwargwadon abin da babban taron masu hannun jari ya amince da shi, amma ƙudurin da taron ya zartar bai faɗi adadi ba. Da kamfanin ya durƙushe, sai aka nemi a kauce wa biya bisa wannan hujja. Kotu ta ƙi amincewa, ta ce wanda ke waje ba a ɗora masa binciken abin da ya gudana a cikin ɗakin taron kamfani ba, yana da damar ɗauka cewa an bi ƙa'ida.

Ƙa'ida ta farko ta yi wa ƙaramin ɗan kasuwa tsauri ƙwarai, domin babu mai zuwa ofishin rajista duk lokacin da zai sayar da buhun albasa. Ƙasar Gana ta soke ta a cikin dokar kamfanoninta ta 1963, wadda Farfesa Gower ya tsara, Nijeriya kuma ta bi sahu a 1990.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Sassa uku ne ginshiƙin wannan kariya. A dokar 1990 su ne sassa na 68 da 69 da 70, a dokar 2020 kuwa su ne na 92 da 93 da 94.

Sashe na 92 ya ce ba za a ɗauka mutum ya san abin da ke cikin takardar kafa kamfani, ko kundin ƙa'idojinsa, ko wata takarda ba, don kurum an yi musu rajista a hukumar ko ana iya duba su a ofishin kamfanin. Abu guda aka keɓe, wato rajistar jingina, wadda bayaninta ke tafe.

Sashe na 93 ya ba mai hulɗa da kamfani damar ɗaukar wasu abubuwa a matsayin gaskiya, ya kuma hana kamfanin musanta su. Na farko, cewa an bi ƙa'idojin kamfanin yadda ya kamata. Na biyu, cewa duk wanda aka rubuta sunansa a takardun da aka miƙa wa hukumar a matsayin darakta, ko manajan darakta, ko sakatare, da duk wanda kamfanin ya gabatar a matsayin jami'insa ko wakilinsa, an naɗa shi bisa ƙa'ida, kuma yana da ikon da aka saba ganin mai irin wannan muƙami yana da shi a kamfani mai irin wannan sana'a. Na uku, cewa sakatare da jami'an da aka ba ikon fitar da takardu suna da ikon tabbatar da ingancinsu.

Sashe na 94 kuma ya ƙara da cewa inda alhaki ya hau kan kamfani bisa waɗannan sassa, ba zai kuɓuta ba don kawai jami'insa ya yi zamba ko ya ƙirƙiri takardar jabu, sai fa in akwai haɗin baki tsakanin jami'in da mutumin da ke neman haƙƙinsa. Har ila yau, sashe na 89 ya ce idan kamfani yana gudanar da wata sana'a a zahiri, ba zai guje wa alhakinta ba da hujjar cewa ba ta cikin sana'o'in da aka lissafa a takardar kafa shi.

A ɗauki misali. Wani dillalin shanu a Agege ya ba wani kamfanin sarrafa nama shanu ashirin bashi, bisa takardar da manajan daraktan kamfanin ya sa wa hannu, kuma sunan manajan yana cikin rajistar hukumar a ranar da aka yi cinikin. Da wa'adi ya cika, sai sauran daraktoci suka ce sun tuɓe shi wata biyu kafin nan, ko kuma ƙa'idarsu ta hana shi sayen kayan da suka kai wannan adadi ba tare da amincewarsu ba. Doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar duk wani canjin darakta ko sakatare cikin kwana 14. Tun da ba su yi haka ba, kuma dillalin bai san da rikicin cikin gidansu ba, sakacin nasu ne, kuma sashe na 93 ya toshe musu hanyar musu. Abin da ya rage musu shi ne su biya, sa'an nan su bi tsohon manajansu.

Inda kariyar ta ƙare

Kariyar ba ta shafi wanda ya san gaskiyar al'amari ba. Idan aka tabbatar a gaban kotu cewa an shaida wa dillalin an tuɓe manajan, amma duk da haka ya ba shi shanu, to ba shi da mafaka a sashe na 93, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka kuma wanda matsayinsa ko dangantakarsa da kamfanin ta kai a ce ya kamata ya sani, kamar darakta ko babban ma'aikacin kamfanin, ba zai ce shi baƙo ne ba.

Na biyu, ikon da doka ta amince a ɗauka shi ne wanda aka saba gani ga mai muƙamin. Manajan darakta yana iya ƙulla cinikin yau da kullum a madadin kamfani. Darakta guda wanda ba ya riƙe da ragamar gudanarwa, ba a saba ganin yana ɗaure kamfani da babbar yarjejeniya shi kaɗai ba, balle magatakarda ko mai kula da sito. Dokar ta fayyace cewa don kundin ƙa'idoji ya ce ana iya wakilta wani iko, wannan kaɗai bai isa mutum ya ɗauka an wakilta shi ga wanda ke gabansa ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci ga mai ba da bashi: rajista ba shaidar arziki ba ce. Takardar shaidar rajista hujja ce ta farko cewa an kafa kamfanin bisa doka, amma ba ta ce yana da kuɗi a banki ba, ba ta kuma ce masu shi mutanen kirki ne ba. Mafi ƙarancin jarin da dokar 2020 ta gindaya wa kamfani mai zaman kansa shi ne Naira 100,000, na kamfanin da ke sayar da hannun jari ga jama'a kuwa Naira miliyan 2, kuma mutum ɗaya tak yana iya kafa kamfani mai zaman kansa. Adadin jarin da ke rubuce a takarda ba kuɗi ba ne da aka ajiye domin masu bin bashi. Hukumar tana rubuta abin da aka miƙa mata ne, dokar kuma ta tanadi hukunci ga wanda ya miƙa bayanin ƙarya da gangan, amma hukumar ba ta tsaya wa kowa lamuni ba.

Rajistar jingina

A nan ne tsohuwar ƙa'ida ta rage da ƙarfinta. Idan kamfani ya jinginar da filinsa, ko injinansa, ko ɗaukacin kadarorinsa ga banki, sashe na 222 na dokar 2020 ya wajabta a yi wa jinginar rajista a hukumar cikin kwana 90. In ba a yi ba, jinginar ta ɓaci a gaban sauran masu bin bashi da kuma jami'in da aka naɗa ya tattara dukiyar kamfanin idan ya rushe. Bashin kansa yana nan, har ma wajibi ne a biya shi nan take, sai dai mai shi ya rasa fifikon da jinginar ta ba shi. Wannan kariya ce ga wanda ya duba rajista bai ga kome ba. Domin a sauƙaƙa wa mutane, dokar ta ƙayyade cewa kuɗin da hukumar za ta karɓa a kan rajistar jingina ba za su wuce kashi 0.35 cikin ɗari na darajarta ba.

Idan kuwa an yi rajistar, doka tana ɗaukar kowa ya san da ita, ko ya duba ko bai duba ba. Ma'anar wannan ga mai kawo kaya ita ce, idan kamfanin ya karye, bankin da ke riƙe da jingina da waɗanda doka ta fifita, kamar ma'aikatan da ke bin albashi, su ne a gaba. Mai shanu da mai albasa suna bayan layi, kuma sau da yawa kafin a zo kansu tukunya ta ƙare. Mai sayar da injin yana iya rubuta sharaɗin cewa kayan nasa ne har sai an gama biya, amma saniyar da aka riga aka yanka ba ta komowa.

Ban da wannan, akwai rajistar jinginar kadarorin da ake iya ɗauka, irin su motoci da injina da dabbobi da kayan sito, wadda ke ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya. Ta fara aiki a 2016, aka kuma kafa mata doka a 2017. Batun mallakar fili kuwa ba a wajen CAC ake binciken sa ba. A Jihar Legas ofishin rajistar filaye da ke Alausa, Ikeja, shi ne wurin zuwa.

Kamfani dabam, sunan kasuwanci dabam

'Yan kasuwa da yawa sukan ce sun yi rajistar kamfani alhali sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista. Ana gane bambancin daga lambar: ta kamfani tana farawa da RC, kuma sunansa yakan ƙare da kalmar Limited ko Plc, ta sunan kasuwanci kuwa tana farawa da BN. Sunan kasuwanci ba mutum ba ne a idon doka. Mai shi ne ke ɗauke da bashinsa, kuma ana iya bin dukiyarsa ta kansa. Amfanin rajistar a nan shi ne ta bayyana ainihin mutumin da ke bayan sunan.

Doka ta wajabta wa mai kasuwanci da wani suna wanda ba nasa na yanka ba ya yi masa rajista cikin kwana 28 da fara aiki, ya kuma sanar da duk wani canji. Sashe na 821 ya tanadi cewa wanda ya yi sakaci da wannan ba zai iya neman haƙƙinsa a kotu ba a kan yarjejeniyar da ya ƙulla a lokacin sakacin, sai in kotu ta yi masa sassauci, alhali shi ana iya kai ƙarar sa. Haka kuma, a ƙa'idar haɗin gwiwa, abokin tarayyar da ya janye jikinsa bai sanar da abokan ciniki ba, suna iya ci gaba da ɗaukar sa a matsayin ɗan ciki.

Ga masu ƙetare iyaka

Masu sayo kaya daga Kwatano ko Maraɗi za su tarar da irin wannan tsari da wani salo. Jamhuriyar Nijar da ta Binin suna cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci. Rajistarsu ana kiran ta RCCM, kuma ƙa'idarta ita ce abin da ya wajaba a rubuta amma ba a rubuta ba, ba za a kafa hujja da shi a kan mutumin waje ba, sai in an tabbatar ya sani. Dokar kasuwancin Jamus, wadda ta fara aiki a 1900, ta tanadi haka a sashenta na 15, amma ta ƙara da cewa da zarar an rubuta abu an kuma shelanta shi, ya hau kan kowa, in ban da rangwamen kwana 15 ga wanda ya tabbatar bai sani ba kuma ba a sa ran ya sani. Dokar Nijeriya ta fi sassauci ga mutumin waje ta wannan fuska, don haka bai kamata ɗan kasuwa ya ɗauka sassaucin gida zai bi shi ƙetare ba.

Matakan da ya kamata a ɗauka

Kafin a saki kaya masu yawa bashi, sai a nemi cikakken sunan kamfani da lambar rajistarsa, a duba su a shafin hukumar na intanet, inda ake ganin suna da lamba da matsayin kamfani kyauta. Harafi ɗaya yana iya raba kamfanin gaske da na bogi. Idan aka ga an rubuta cewa kamfanin ba ya aiki, galibi alama ce ta rashin miƙa rahoton shekara-shekara. A 2023 hukumar ta ba da sanarwar shirin soke rajistar kamfanoni kimanin 100,000 saboda irin wannan sakaci.

Idan cinikin babba ne, sai a biya a karɓi rahoton matsayin kamfani, ko a sa lauya ya yi cikakken bincike, a ga sunayen daraktoci da jinginar da ke kansa, a kuma adana takardar da kwanan watanta, domin ita ce hujjar abin da rajista ta nuna a ranar ciniki. Tun watan Mayu na 2023 akwai kuma rajistar masu iko na haƙiƙa a kamfani, wadda ke nuna duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin ɗari na hannun jari ko na ƙuri'a zuwa sama.

Sai a tabbata wanda ya sa hannu sunansa yana cikin rajista, ko yana ɗauke da takardar wakilci daga manajan darakta. Dokar 2020 ba ta tilasta wa kamfani mallakar hatimi ba, saboda haka sa hannun daraktoci biyu, ko darakta da sakatare, ko darakta a gaban shaida, shi ne abin nema a muhimmiyar takarda. A rubuta sunan kamfanin daidai a kan rasit da yarjejeniya, a kuma karɓi kuɗi ta asusun banki. Rubuta bashi da kafa masa shaidu ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan wannan ta sauka. Inda aka ga kamfanin ba shi da ƙarfi, ko kadarorinsa suna jingine, sai a nemi ɗaya daga cikin daraktoci ya tsaya lamuni da kansa a rubuce, wato ya yi aikin da fatoma ya saba yi.

Ga Bahaushen da shi ne mai kamfani, darasin yana juyowa kansa. Ɗan'uwa ko yaron gida da aka sa sunansa a matsayin darakta don a cika takarda, sa'an nan aka ɓata da shi ba a cire sunan ba, yana iya ɗaure kamfanin da bashin da mai shi bai san da shi ba. Wajibi ne a sanar da hukumar cikin kwana 14, a rubuta wa banki da manyan abokan ciniki, a kuma riƙa miƙa rahoton shekara a kan lokaci.

Daga ƙarshe, abin da doka ta yi shi ne ta ɗora hasarar rikicin cikin gida a kan kamfanin da ya bar rajistarsa da bayanin da ba daidai ba, ta ɗauke ta daga kan baƙon da ya yi ciniki da zuciya ɗaya. Sanin ko mai saye zai iya biya kuwa, wannan ta bar wa mai kaya, kuma har yanzu bincike da lamuni ne maganinsa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. (NAN)